Tsohon Da Ke Yi Wa Ƙarfe Wanka

Ban taɓa ganin zaman makokin da aka yi ta danne dariya ba sai na kakana. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma, wannan kam mun faɗa, mun kuma yi kuka har idanu suka kumbura. Amma tun kashegarin rasuwar, mu mata muna cikin gida a kan tabarmi, sai mu ji an shafa fatiha a ƙofar gida, an ɗan yi shiru, can wani ya ce, "Kun tuna ranar da..." Shi ke nan. Sai ka ji dattawa suna tari irin na wanda dariya ta shaƙe.

Ladanin unguwarmu ne ya fara. Shi dama muryarsa ba ta san sirri ba, ko raɗa ya yi sai an ji a bayan katanga. Na ji yana cewa, "Ku dubi giɓin nan nawa. Duk wanda ya tambaye ni, ce masa nake tsarabar gidan maƙera ce." Maza suka fashe, liman yana ta "a yi salati, a yi salati," shi ma muryarsa na rawa. Zan zo kan giɓin nan, don shi ne tushen labarin.

An zo ta'aziyya daga ko'ina. Danginsa maƙera sun zo daga Gagarawa inda aka haife shi. Masu injin niƙa na Sule Tankarkar sun zo a kan babura, goyo biyu-biyu. Wani dattijo ya taso tun daga tsallaken iyaka, ya ce shi bai san wurin wa zai kai ƙarfensa ba yanzu. Maƙwabciyarmu Kirista mai injin markaɗe ta shigo ɗakin Iya, matar marigayin, tana share hawaye da bakin zani. Ta ce, "Mama, Baba ya taɓa kora ta da farantin injina, wai in je in wanke tattasai, shi ba mai sayar da miya ba ne. Na yi fushi, na ce ba zan koma ba. Na koma. Farantin nan har yau shi nake markaɗe da shi." Iya ta ce, "Ke ɗaya? Ai har ni ya kora."

Ni jikarsa ce, 'yar babban ɗansa. Ina da injin matsar man gyaɗa a nan Gumel, da shi nake riƙe da gidana, kuma matan da ke karɓar tunkuza a wurina suna soya ƙuli-ƙuli su ma da shi suke riƙe da nasu. Na ɗauki alƙalami ne don kada 'ya'yanmu su tashi su ce kakan uwarsu mai walda ne kawai, su wuce. Mai walda ne, amma ba ya haɗa ƙofa, ba ya haɗa taga. Aikinsa ƙari. Ƙarfen da ke cikin inji, mai niƙa ko mai matsa, yau da gobe sai ya cinye, haƙoransa su lafe, ya daina kama komai. Sabo kuma ba kullum ake samu ba, wani injin ma an daɗe da daina yin irinsa. To sai Tsoho, haka muke kiran kakan nawa, ya narka sabon ƙarfe da sandar walda, ya riƙa ɗora shi a kan tsohon, layi bisa layi, har inda ya cinye ya ciko, sannan ya bi shi da giranda ya fito masa da siffarsa ta asali.

Ƙarin kansa ba ya cin lokaci. Wankan ne ke cin kwanaki, kuma a kan wankan nan ya yi faɗa da rabin ƙasar Gumel.

In ka kawo masa ƙarfe, ba ya ko kallon na'urar walda. Gawayi zai hura, ya ɗora ƙarfen ya gasa shi a hankali, man da ya sha ya yi ta fita yana hayaƙi, unguwa ta cika da ƙauri. Sai hayaƙi ya ɗauke ɗif zai sauke. In ya huce, ya dirje shi da ruwan toka mai zafi, ya sake mayar da shi wuta ya bushe, ya kankare tsatsa da giranda har sai ƙarfen ya yi fari, ya bi shi da buroshin waya, sannan ya naɗe shi a farin ƙyalle kamar jariri. Daga nan kuma hannun ɗan Adam ba ya taɓa shi.

Masu kaya su yi ta ƙorafi. Shi kuwa ko a jikinsa, an tsikari kakkausa. In ya ga dama ya yi maka bayani:

"Ƙarfe yana shan mai kamar kaskon tuya. Ka goge bayansa da tsumma, ka ga yana ƙyalli, ka ce ya fita. Ƙarya yake yi maka. Man yana can cikin 'yan tsage-tsagen da ido ba ya gani. Da wutar walda ta sauka sai ya tafasa ya zama hayaƙi, hayaƙin ya nemi hanyar fita ta cikin narkakken ƙarfen, ya bar shi huda-huda kamar cikin waina. Sama sumul, ciki rami. Tsatsa ma haka, fenti ma haka, laima ma haka. Kai kana murna ka yi ƙari, alhali ba a kan ƙarfe ka ɗora ba, a kan dauɗa ka ɗora."

In kuwa bai ga dama ba, sai ya ce, "Salla ma sai da tsarki," ya ci gaba da fifita gawayinsa. Liman ya taɓa ce masa, "Malam, ka daina haɗa salla da ƙarfe." Ya ce, "To Allah gafarta Malam, kawo ƙarfenka in ɗora maka a kan dauɗa." Liman bai kawo ba.

Ni kam na fi kowa shan kora, tunda sana'ata mai ce. Da ya hango ni tafe, tun ban ƙaraso inuwar darbejiyar da ke bakin rumfarsa ba, zai ɗaga hannu.

"Amarya, tsaya daga nan! Ke da duk jikinki man gyaɗa, ko inuwarki ban yarda ta faɗa kan ƙarfena ba."

"Tsoho, in ka gaji ka sake ni mana. Ai ban rasa manema ba."

"Wa zai kwashi mai ƙaurin ƙuli? Ni ɗin ma haƙuri nake."

Ya gama zagina tas, ya zaro goro daga aljihu ya jefo mini daga nesa, wai kada hannunmu ya haɗu. Wallahi ina kewar korar nan fiye da yadda nake kewar lallashin wasu.

Iya ita ce sauran rabin rumfar, ko da yake ba ta taɓa zama a cikinta ba. Da damina a madafinta ake ajiye sandunan walda, cikin wani tsohon gwangwani kusa da murhu, don kada su sha laima. Ita ke wanke farin ƙyallen nan, kuma ba ta haɗa shi da kowane wanki.

Wata rana maigidana ya nuna masa wani hoto mai motsi a waya: wata na'ura a ƙasar waje tana fesa garin ƙarfe, wani haske mai zafi yana narka shi, tana cike ƙarfen masana'anta da ya cinye, ba hannun mutum ko ɗaya. Muka zuba ido mu ga Tsoho ya sha mamaki. Ya kalla har ƙarshe, ya ce a maimaita. Sannan ya ce, "Ba wannan nake son gani ba. Kafin ta fara, me suka yi wa ƙarfen?" Maigidana ya bincika, ya ce ai sai sun wanke shi da magani sun kankare shi tukuna, in ba haka ba ƙarin ba ya kamawa, ya yi ramuka, ya tsage. Tsoho ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Ya ce, "Madalla da 'yan'uwana! Ka gaishe su." Ya yi mako yana ba mutane labari wai yana da abokan sana'a a ƙasar Turawa, masu hankali ne ƙwarai.

Yanzu ga zancen giɓi.

Mahaifina bai gaji sana'ar ba, noma ya kama. Wanda ya gada shi ne ƙaninsa, Baffa. Kowa ya shaida hannun Baffa ya fi na ubansa kyau, in ya ja layin walda kamar kitso. Aibinsa ɗaya, sauri. Wata Laraba Tsoho ya tafi Gagarawa ɗaurin aure, sai ga wani mai injin mai ya zo a gigice da hanjin injinsa. Hanji shi ne sunan da Tsoho ya sa wa murɗaɗɗen ƙarfen nan da ke juyawa a cikin inji yana matse gyaɗa. Mutumin ya ce gobe kasuwar Maigatari, a taimaka masa. Baffa ya jiƙa tsumma da fetur, ya goge, ya ɗora ƙari. Kafin la'asar an gama, aiki gwanin sha'awa.

Ba a yi nisa ba ƙarin ya fara ɓarewa a cikin injin. Wani ɓarɓashi ya bi tunkuza, tunkuza ta zama ƙuli, ƙuli ya faɗa hannun ladan. Ya gartsa, haƙorin gaba ya tafi. Ranar da magariba aka ji kiran salla yana fita da wani fito-fito, yara suka yi ta leƙen masallaci.

Yau abin dariya ne. Ranar kuwa ba wanda ya yi dariya. Aka dawo da hanjin rumfa, mutane cike. Tsoho ya ɗauki guduma ya ɗan buga, ƙarin ya ɓare kamar ɓawon gyaɗa, ga ramuka nan birjik. Ya ɗaga wa jama'a, ya ce, "Wannan ba ɗana ne ya yi ba, gaggawa ce ta yi. Ni kuma ban haifi gaggawa ba."

Tsoho yana da gaskiya, amma ni jikarsa ina faɗa, ya zafafa. Baffa lokacin magidanci ne da 'ya'yansa. Ya ajiye gilashin walda a kan benci ya fita. Ya koma Maigatari ya buɗe wurin haɗa ƙofofi da tagogi, ya ce shi da ƙari har abada. Ba gaba suka yi ba. Yana zuwa da Salla, ya durƙusa ya gaida ubansa, ya kawo masa shadda. Amma ƙafarsa ba ta sake taka rumfar ba, kuma ba wanda ya ƙara ta da zancen ƙarfe a tsakaninsu, shekara da shekaru. Na sha ganin Tsoho in mun je gidan da Baffa ya yi wa ƙofa, ya tsaya yana shafa layin waldar da babban yatsa. Sau ɗaya na ji ya ce, kamar da kansa yake, "Hannun nan a kan ƙofa. Kai, asara."

A ƙarshen daminar bana hanjin nawa injin ya cinye, ga sabuwar gyaɗa na shirin shigowa. Injin tsoho ne, an nemi irin hanjinsa har Kano ba a samu ba. Tsoho ya juya shi, ya ƙwanƙwasa, ya ce, "Amarya, wannan ya sha ƙari har ya gaji. Saura guda ɗaya zai iya ɗauka. In aka ɓata sai an kankare, in aka kankare kuwa ba abin da zai rage. Sai ki koma turmi." Ya yi masa wanka irin wanda ban taɓa ganin ya yi wa wani ƙarfe ba, ya naɗe shi, ya ce gobe in Allah ya kai mu zai ɗora.

Kashegari zazzaɓi ya kwantar da shi. Bai daɗe yana jinya ba. Ranar da zai tafi ya yi azahar a zaune, ya jingina da bango, ya ce wa Iya ta ba shi ruwa. Kafin ta kawo ya riga mu gidan gaskiya, bakinsa da kalmar shahada. Tsoho mai ran ƙarfe, ashe ran ba na ƙarfe ba ne.

Ba zan ɓoye ba, ina kukan kakana ina tunanin injina. Matan ƙuli in sun zo gaisuwa ba sa tambaya, amma ina ganin tambayar a idonsu. Bayan sadakar bakwai na tari Baffa yana ɗaure jakarsa a bayan babur. Na ce, "Baffa, aikin Tsoho fa?"

Ya ce, "'Yata, ni mai ƙofa ne. Baba ya riga ya yi mai wuyar. Ki kai Kano a naɗe yadda yake, duk mai hannu mai kyau zai ƙarasa miki."

Sai muka ji muryar Iya daga ɗakin takabarta tana kiransa. Muka shiga tare. Ta jawo ƙunshin daga ƙarƙashin gado, don tun ranar rasuwa ta sa aka shigo mata da shi. Tun kafin ta kwance na ji ƙamshin da na fi sani a duniya. Farin ƙyallen nan ya koma rawaya, jagab. Hanjin yana naso, mai har ɗiga yake yi.

Ta ce, "Na ga tsatsa ta fara taɓa aikin ubanku, ga laimar nan. Shi ne nake shafa masa mai kullum da safe, kamar yadda nake yi wa askarsa."

Wayyo Allah! Man da na kawo don soya wainar sadaka, man injina, shi ta yi wa hanjina wanka da shi. Na dafe kai na zauna daɓas. Ga tsohuwa mai takaba, ba dama ka ɗaga mata murya. Na dai ce, "Iya, kin kashe ni."

Baffa ya durƙusa ya daɗe yana kallon ƙarfen. Ya sa yatsa ya lakato man, ya murza. Ya ce, "In kika kai Kano a haka, tsumma za su sa su goge, su ɗora."

Na ce, "Ka tabbata?"

Ya ce, "Ni za ki tambaya?"

Raina a ɓace na ce, "To kai ka goge da fetur ka ɗora mini mana, gyaɗa ba ta jira!"

Ya juyo ya dube ni, wallahi sai na ga idon Tsoho. Ya ce, "A kan dauɗa kike so in ɗora?" Ya sunkuci ƙarfen ya fita. Na bi shi har zaure, na ga ya kwance jakarsa daga bayan babur, ya nufi rumfar da ya rabu da ita tun 'ya'yansa suna ƙanana. Ya ɗan tsaya a bakin darbejiya. Sannan ya yi bisimilla ya shiga.

Da hantsi ƙaurin ƙonannen mai ya cika unguwa. Dattawan da suka saba zama a bencin Tsoho suka fara fitowa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya zauna a mazauninsa. Baffa ya gasa, ya dirje da toka, ya sake gasawa. Na ce ai ya isa. Ya ce hayaƙi bai ɗauke ba. Gyaɗa ta shigo, buhuna suka taru a zaurena, ni ina ta safa da marwa, shi yana fifita gawayi kamar ba shi ne sarkin sauri ba. Sai da ƙarfen ya yi fari fat ya aika wa Iya ta ba da sandunan waldar da ke gwangwani. Ya ɗora layi, ya kankare kashin walda, ɓawon da ke taruwa a kan layin, tas, ya goge, sannan ya ɗora na bisa. Da ya gama ya binne shi a toka mai ɗumi ya huce a hankali, ya fito da shi ya gyara masa siffa.

Sai gwaji irin na Tsoho. Ya rataye hanjin da waya, ya ɗauki gudumar nan, ita dai wadda aka kunyata shi da ita. Ya buga. Ƙarfen ya amsa, ƙara siririya mai tsawo, ba gargada. Liman ya ce, "Allahu akbar." Baffa ya juya wa mutane baya yana ta goge fuska, wai hayaƙi ne ya shiga idonsa, alhali gawayi ya daɗe da mutuwa.

Aka ɗaura, inji ya tashi, mai ya zubo. Matan ƙuli suka rangaɗa guɗa, na ce su yi a hankali gidan rasuwa ne kusa, ni ma ina yi. Da aka soya ƙulin farko ladan ya ce ba mai ci sai shi, shi ne ya san ciwon abin. Ya gartsa da gefen da ya rage masa, ya tauna, ya tauna, unguwa tana jira. Ya dubi Baffa ya ce, "Na yafe haƙorin."

Da yamma na shiga wurin Iya da tulin ƙuli. Na ce, "Iya, Allah ya rufa asiri, amma don Allah kada ki sake. Mai da ƙarfen ƙari ba sa haɗuwa."

Ta ajiye carbi ta dube ni sama da ƙasa.

"Ke yarinya. Ni da nake wanke ƙyallen nan tun ba a haifi ubanki ba, ni za ki koya wa?"

Na ce, "Ke nan da gangan kika yi?"

Ta ce, "Da na ba Baffanki ƙarfen nan fes yadda ubansa ya bar shi, da yanzu yana Maigatari, ƙarfenki yana Kano. Malam ya tafi da magana ɗaya a bakinsa, ta yi masa nauyi shekara da shekaru. Bai iya ce wa yaron nan dawo ba. To ni na faɗa masa, da man gyaɗa."

Na ce, "Da Baffa ya ƙi fa? Da injina ya mutu fa?"

Ta ce, "Da kin koma turmi. Mu da muka yi da turmi mutuwa muka yi?" Ta ɗauki ƙuli ɗaya ta jiƙa a ruwa, don ita ma haƙoran sun tafi.

Allah Ka jiƙan bawanKa da ya ƙi ɗora aiki a kan dauɗa. Ka wanke shi fes kamar yadda ya yi ta wankewa, Ka yalwata masa makwanci, Ka haɗa shi da iyayensa a gidan Aljanna. Ka ba Iya haƙuri da tsawon rai, Ka kuma kare mu daga dabararta.

Baffa ya bar wa abokin aikinsa ƙofofin Maigatari. Jiya na kai masa abinci rumfa, na ga wani ƙunshi fari a kan benci ya tare inda zan ajiye kwano. Na miƙa hannu zan matsar.

"Ke! Tsaya daga nan!"

Na tsaya cak, kwano a hannu, ina dariya hawaye na zuba. Sai ga goro ya faɗo a gabana.